Hoton gizo-gizo mai tudu da kwari: me ya sa nawa yake sa mutane ciwon kai?

Mai Hoton Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da dare. Ina da wata matsala da ta ci mini tuwo a ƙwarya kusan sati uku ke nan, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu wanda ya taɓa yi. Akwai wani ɗan gizo-gizo a bangon zauren gidanmu nan unguwar Birni a Damagaram, irin ƙananan nan masu tsalle da ke farautar ƙuda da hantsi, girmansa bai kai ƙwayar wake ba, baƙi-baƙi da farin layi a gadon baya. Na ɗauke shi da makro, wato hoton dab-da-dab mai fito da ƙananan abubuwa da girma, ya fito tar har gashin fuskarsa ana ƙirgawa, amma ni abin da nake so shi ne hoton sitereyo, wato hoto biyu, ɗaya na idon hagu ɗaya na idon dama, in an haɗa su mutum ya ga abin da tudu da kwari kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Na yi ya fi sau ashirin. Duk wanda na nuna wa sai ya ce idonsa na ja, ƙanwata ma har kanta ya sara. Yadda nake yi shi ne in ɗauki na farko, in gusa aparai, wato kyamara, gefe kamar santimeta 6 tunda an ce tazarar idon mutum ke nan, sai in ɗauki na biyu. Don Allah ina kuskuren yake?

Ɗan Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam. Yaya tsakanin objektif ɗinka, wato gilashin gaban aparai, da gizon nawa ne?

Mai Hoton Birni:
Bai wuce santimeta 6 zuwa 7 ba. Tsohon objektif ne na milimeta 50 na juya shi baya-gaba da zobe.

Baba Mai Sutudiyo:
To ɗana ai ka ba kanka amsa. Abu yana nesa da kai santimeta 6, kai kuma ka matsa gefe santimeta 6, ai ba ido biyu na mutum ɗaya ka yi ba, mutum biyu ka tsayar ɗaya a gabansa ɗaya a gefensa, kowa na ganin abinsa daban, ƙwaƙwalwa ba ta iya haɗa su. Gwada yanzu, ɗora yatsanka dab da hancinka ka ce sai ka kalle shi da ido biyu, ka ji yadda idon zai yi. Abin da kake sa mutane yi ke nan. Ƙa'idar da muka koya ita ce ɗaya bisa talatin, wato ka auna nisan abin da ya fi kusa da kai ka raba gida 30, abin da ya fita shi ne gushin da za ka yi. Santimeta 6 milimeta 60 ne, raba 30, milimeta 2. Milimeta biyu kacal. A makro wasu suna ƙarawa kaɗan, 3 ko 4, don zurfin ya ƙara fitowa, amma fara da 2 ka ɗauki na 3 da na 4 duk a zama ɗaya, daga baya ka zaɓi wanda ido ya fi sakewa da shi.

Mai Hoton Birni:
Ikon Allah! Milimeta 2 Baba? Wallahi ni gani nake in ban matsa sosai ba hotunan za su zama iri ɗaya.

Baba Mai Sutudiyo:
A ido za ka ga kamar iri ɗaya ne, haka ake so. Ɗan bambancin nan da ba ka lura da shi ba shi ƙwaƙwalwa ke mayarwa zurfi. Kuma abin ba sabo ba ne, wani Bature ɗan Ingila Charles Wheatstone shi ya bayyana shi a 1838, lokacin ma hoto bai bazu ba, da zanen hannu da madubi biyu ya nuna. Mu da muke yara akwai wani abin leƙe da alhazai ke kawo mana tsaraba, ka sa ido biyu ka danna ka ga Ka'aba da mutane kamar kana tsaye a wurin, har da irin na View-Master mai faifan kwali zagayayye, ƙananan hotuna 14 a jiki, wato bakwai na hagu bakwai na dama. Ni wannan abin leƙen ne ya fara sa mini son hoto a rai tun ban san mene ne aparai ba, shi ya sa da na ga tambayarka na kasa wucewa ko da yake dare ya yi.

Maman Ƴan Biyu:
Ni dai tambayata, duk halittun Allah a rasa wanda za a ɗauka sai tautau? Ko sunansa na ji sai tsigar jikina ta tashi.

Mushen Kimiyya:
Hajiya in kika ga fuskar irin wanda yake magana a kai za ki sake ra'ayi. Masu tsallen nan danginsu Salticidae ake kiransu, su ne dangi mafi yawa a cikin gizo-gizo, sun haura iri 6000, alhali duka gizo-gizon da aka rubuta sunansu a duniya sun wuce iri 50,000 tun 2022. Ido takwas gare su, biyu manya a gaba kamar fitilar mota. Ba sa saƙa yana don kama abinci, bin ƙuda suke a hankali kamar kyanwa sannan su daka tsalle, kuma kafin ya yi tsallen sai ya manna zare a bango, in ya kuskure ya rataya ya hau abinsa ya dawo. Wanda ƙanena ya kwatanta, baƙi da farin layi a baya kuma a bangon gida, ya yi kama da namijin Plexippus paykulli, ko da yake sai na ga hoton zan ƙara natsuwa.

Ƙanena ban da maganar Baba akwai wasu abubuwa biyu da ke kawo ciwon kan nan. Na farko in hoto ɗaya ya fi ɗaya hawa sama ko ya karkace ko da kaɗan ne. Idanunmu sun saba da bambancin hagu da dama, amma ba su saba ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa ba, nan take jijiyar ido ke gajiya. Na biyu haske. In filashi na kan aparai ne to da ka gusa shi ma ya gusa, inuwa ta canza wuri, ɗigon hasken da ke cikin manyan idanun gizon shi ma ya canza, sai ka ga wurin yana walƙiya-walƙiya ya ƙi zama. Ka cire hasken daga jikin aparai ka ajiye shi wuri ɗaya kar ya motsa, ka sa masa farar takarda ko farar robar yawur a gaba don ya yi laushi.

Mai Hoton Birni:
Mushe na gode, filashin kuwa a kai yake. Amma gaskiya babbar damuwata ita ce yadda zan gusa milimeta 2 da hannu, numfashi kaɗai ya fi haka motsa ni.

Ɗan Gyaran Waya:
Wannan kam aikinmu ne. Yaya ka sayi dogon bulon na M6, wato mai kaurin milimeta 6, da ekuru ɗinsa, zaren M6 na yau da kullum tazararsa milimeta 1 ce cif, ma'ana in ka juya shi zagaye ɗaya cikakke abin da ke kan ekuru ya tafi milimeta 1, zagaye biyu milimeta 2, ba ka bukatar regil ma. Katako biyu, na ƙasa a ɗaure kan tirepiye, wato mai ƙafa ukun nan da ake ɗora aparai, na sama yana zamewa tsakanin ƴan sanduna biyu don kar ya karkace, ka manna ekuru a jikin na saman, ka yi wa kan bulon alama da jan fenti don ka san ya zagayo. Kowane kafinta ko mai walda a wajen Kasuwar Dole zai haɗa maka in ka zana masa a takarda. Ni na yi wa waya irinsa, kuma ga masu cewa ba su da aparai, ɗan gilashin da ke cikin matacciyar na'urar DVD, wanda hasken leza ke bi, in ka ciro shi a hankali ka manna a kan kyamarar waya yana yin makro mai ban mamaki, sai dai dole ka matso har kamar za ka taɓa abin, kuma gefe-gefen hoton yana yin dishi-dishi.

Ɗan Tanut:
Duk wannan dogon lissafi ne. Matsalar gaskiya ita ce gizon ba ya tsayawa, kafin ka juya bulon sau biyu ya juya maka ƙeya ko ya yi tsalle ya hau objektif. Ka kama shi a kwalba ka sa a firigo minti kaɗan, sanyi zai kashe masa jiki ka fito da shi ka ɗauka yadda kake so. In kuma kana son aiki mai kyau sosai ka sa shi a alkol ya mutu, ka ɗora a kan allura, ka ɗauki hoto 50 ko 100 kana matsar da mizopwan, wato saitin wurin da ke fitowa tar, kaɗan-kaɗan ka haɗa su a ordinatar, komai ya fito tar daga gaba har baya. Manhajar Zerene Stacker ma tana iya fitar maka da hagu da dama daga tarin hotunan nan ba tare da ka gusa gefe ba. Haka masu abin suke yi.

Mai Hoton Birni:
Ɗan uwa na san da wannan hanyar, kuma ban ce ba ta aiki ba, amma ni ba zan iya ba. Sati uku ina zama gaban bangon nan. Na san tsagar da yake kwana, na san sai rana ta taɓo saman ƙofar zaure yake fitowa, in na matso sai ya juyo gaba ɗaya ya ɗaga kai ya kalle ni, ƴan hannuwan nan biyu na gefen bakinsa suna motsi sama da ƙasa. Wannan kallon nake so mutane su gani da zurfinsa. In na kashe shi me ya rage da zan nuna?

Ɗan Tanut:
Ƙwaro ne fa, kullum ana share irinsu da tsintsiya ba wanda ya ce uffan.

Mushen Kimiyya:
Bari in sa baki a nan don akwai abin da hoton kansa zai tona. Gizo-gizo a wasu gaɓoɓin ƙafarsa ba shi da tsokar miƙewa, tsokar lanƙwasawa kawai gare shi, da matsin ruwan jikinsa yake miƙe ƙafa, kamar yadda jak ɗin mota mai mai yake ɗagawa. Shi ya sa duk mataccen gizon da ka gani a lungu ƙafafunsa a dunƙule suke ƙarƙashin ciki. To in ka kashe shi sai ka bi ƙafa takwas ɗaya bayan ɗaya kana miƙewa da allura, kuma wanda ya san dabbar kallo ɗaya zai yi ya gane tsayuwar ba tata ba ce, a sitereyo ma abin ya fi fitowa tunda ana ganin inda kowace ƙafa ta dafa da inda take lilo a iska. Na firigo kuma yana fitowa cikin ɗumin ɗaki raɓa ke kwanta masa a gashi da ido, ga shi dabbar ƙasar zafi ce, in ka ɗan wuce lokaci ba ya tashi. Ban hana masu bincike ba, su dole su ajiye samfuri a alkol don da madubin ƙara girma ake tantance iri, wannan aiki ne mai dalili. Amma don hoton kallo ni ban ga dalilin ba.

Almajirin Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ni ba mai hoto ba ne, karatu nake bi ina ƙaruwa. Abin da zan ce kawai, halittar nan sura guda ke ɗauke da sunanta a Alƙur'ani, Suratul Ankabut, kuma a aya ta 41 aka buga misali da raunin gidanta. Sannan an hore mu da kyautatawa ga duk mai rai, wanda ke cutarwa a kawar da shi ba tare da azabtarwa ba, wanda ba ya cutarwa kuma a bar shi. Wannan na bango ƙuda yake ci mana. Malam mai hoto Allah ya ba ka haƙurin zama da shi.

Ɗan Tanut:
Malam na ji, Allah ya sa mu dace. Amma har yanzu ba wanda ya faɗa mini yadda za a sa shi ya tsaya.

Baba Mai Sutudiyo:
Ba a sa shi, lokacinsa ake jira. Ga hunturu nan ya shigo, da sassafe kafin rana ta gasa bango jikinsu a mace yake don ba su da ɗumin jiki na kansu, firigon da Allah ya yi ke nan kuma ba ya kashe su. Sai kuma lokacin da ya kama ƙuda, in yana ci yakan daɗe wuri ɗaya bai gusa ba, ka yi zagaye biyunka na bulon a natse. Kuma ɗana kar ka fara koyo da mai tsalle, shi ne mafi wuya. Nemi saɓarsu tukuna, ai suna saɓa kamar maciji, za ka ga fatar a rataye a yana ko bayan buhu da ƙafafunta takwas cif, ba ta motsi ba ta gudu, ka yi ta gwaji da ita har hannunka ya faɗa.

Ɗalibar Jami'a:
Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma ina da shawara ga wanda waya kawai gare shi. Maimakon hoto biyu, ka kunna bidiyo ka zame wayar gefe a hankali a kan littafi ko katako, bidiyo na ɗaukar hoto 30 a sakan ɗaya, daga baya ka ciro guda biyu da ke kusa da juna waɗanda gizon bai motsa a tsakaninsu ba. Ingancin bai kai na hoto ba amma an tsira daga matsalar motsi. Aparai ma in yana da rafal, wato ɗaukar hotuna a jere da sauri, haka za ka yi, ka danne kana zamewa. Na gwada da wata babbar gizo mai ratsin rawaya da fari a gonar kakata a Mirya ƙarshen damina, irin mai zama tsakiyar yana kai a ƙasa ta haɗa ƙafafu bibbiyu, ga wani farin zare mai zigizag da ta saƙa a tsakiya. Ita kam ko motsi ba ta yi, iska ce ta wahalar da ni, yanar na ta kai da kawo sai da ƙanena ya riƙe kwali ya tare.

Mushen Kimiyya:
Argiope ke nan ƴata, kin samu mai kyau. Yana a sitereyo abin kallo ce don a hoto ɗaya zaren duk a shafe suke kamar zane a takarda, amma da ido biyu sai ki ga ashe yanar a karkace take, ga zaren da suka ɗaure ta sun tafi baya can cikin karan hatsi. Yanzu da ƙurar hunturu ke kwanciya a kan zare ma sun fi fitowa in hasken ya zo daga baya.

Ga wani abu da ya shafi maganarmu kai tsaye. Mu sai da ido biyu muke auna nisa, shi ya sa muke wannan wahala ta hagu da dama. To shi mai tsallen an gano yana da wata dabara daban. A 2012 masu bincike a jami'ar birnin Osaka ta Japan, Takashi Nagata da abokan aikinsa, sun buga a mujallar Science aikin da suka yi kan Hasarius adansoni, wanda shi ma ɗan zaman gidaje ne a ƙasashe masu zafi. Bayan babban idonsa akwai shimfiɗa huɗu masu karɓar haske, koren haske yana fitowa tar a kan ta can ƙasa, a ta samanta kuma yana faɗowa dishi-dishi, to yawan dishi-dishin nan shi yake gaya masa nisan ƙuda. Da suka sa su a jan haske sai suka riƙa yin tsallen da bai kai ba. Wato dishi-dishin da mai makro ke yaƙi da shi dare da rana, shi wannan ɗan tahalikin da shi yake cin abinci.

Mai Hoton Birni:
Allahu akbar. Mushe wannan ya tsaya mini a rai. Ni kuwa dishi-dishin nan ya ishe ni, a girma ɗaya bisa ɗaya, wato girman abin a cikin aparai daidai da girmansa na gaske, ko na rufe ƙofar hasken objektif zuwa f/8 abin da ke fitowa tar bai kai milimeta 1 ba, in ido ya fito ƙafafun gaba sun narke.

Baba Mai Sutudiyo:
Ja baya kaɗan. Kar ka ce sai fuska ta cika hoto, ɗauki dukan jikinsa da ɗan bangon da yake tsaye a kai, ka rufe zuwa f/11 ka ƙara haske, daga baya ka yanke. Sitereyo yana son abu a gaba, abu a tsakiya, abu a baya, kuma duk ido ya iya sauka a kansu. Tsagar bango da ƙwayoyin yashin da ke jikin yaɓe su ne za su ba ka zurfin.

Maman Ƴan Biyu:
To ni ku amsa mini tawa. Fitsarin tautau fa? Ni a asibiti nake aiki, ƙarshen damina ba ranar da ba a kawo mana wanda wuyansa ko fuskarsa ta yi bororo an ce tautau ne. Ko da yake gaskiya abin da muka fi gani ƙwaron nan hangara ne da ke zuwa wurin fitila, mutum ya murje shi a jiki cikin barci ruwansa ya ƙone fata, shi ya sa muke cewa in ya sauka a jikinka ka hure shi kar ka murje, in kuma an riga an murje a wanke da ruwa da sabulu nan da nan. Amma duk da haka ina so in ji daga bakin Mushe, yaran nan da ke kai fuskarsu dab da gizo ba abin da zai same su?

Mushen Kimiyya:
Hajiya kin riga kin faɗi rabin amsar da kanki. Masu tsalle ba ruwansu da mutum, gudu suke. Wadda zan ce a kiyaye ita ce wata mai zagayayyen ciki ruwan ƙasa da dogayen ƙafafu sirara, tana yin yana a hargitse ƙarƙashin kujera, bakin tsohuwar taya, hannun bokiti, a ƙarƙashin cikinta akwai alama ruwan lemo kamar turmi, jakar ƙwanta kuma fara-fara mai ƙaya-ƙaya kamar ƙarangiya. Latrodectus geometricus sunanta. Ba ta neman faɗa amma in aka matse ta tana cizo kuma dafinta na da zafi, wanda ta ciza ya zo wurinku. A ɗauke ta hoto daga inda take, kar a sa hannu, kar kuma a tura yatsa lungun da ido bai gani ba.

Ɗan Gyaran Waya:
Wani abu kafin in manta, in za ku turo hotunan nan ku turo su a matsayin dokiman, in ba haka ba WhatsApp na matse su gashin duk ya dame. Kuma don daidaita sama da ƙasan da Mushe ya faɗa akwai StereoPhoto Maker a ordinatar, kyauta ce, wani ɗan Japan Masuji Suto ya yi ta, da kanta take jera hotunan biyu. A Android kuma akwai 3DSteroid, ta mutumin ce ita ma.

Mai Hoton Birni:
Ƴan uwa barkanmu da war haka, kwana biyar ban leƙo ba ina can ina fama. An haɗa mini katakon da bulon, na yi kwana biyu ina gwaji da wata saɓa da na samu bayan randa kamar yadda Baba ya ce. Yau da safe wajen ƙarfe takwas da rabi mutumin nawa ya kama ƙuda a gefen tsagarsa, na riga na kafa tirepiye tun bakwai ina zaune a kan tabarma da bargo, filashi a kan bulo gefe guda da robar yawur a gaba. Na ɗauki na farko, zagaye biyu, na biyu, ƙarin zagaye ɗaya, na uku. Na milimeta 3 ya fi yi mini. Wallahi da hotunan suka haɗu a idona sai da na ja kai baya, fiffiken ƙudan ya fito waje kamar zai taɓa mini hanci, manyan idanun nan biyu a kumbure kamar ƙwallon gilashi, ga rami tsakanin ƙafafunsa da bango wanda sam ban san da shi ba a hoto ɗaya, ashe ba kwance yake a bangon ba, a tsaye yake a kan ƙafafu cikinsa bai taɓa yaɓe ba. Na turo iri biyu, na gefe da gefe da kuma na tabarau ja da shuɗi.

Ɗalibar Jami'a:
Masha Allah yaya! Na ja da shuɗin ya fito mini sosai, ja a idon hagu. Amma na gefe da gefen ni a juye nake ganinsa, idanun sun shige ciki kamar rami bango kuma ya taso gaba.

Baba Mai Sutudiyo:
Ƴata ke kina harɗe ido ne, shi kuma ya jera su don kallon miƙe, na hagu a hagu na dama a dama. Mai harɗe ido sai an musanya masa, na dama ya koma hagu. Ɗana ka riƙa turo duka biyun kana rubuta wanne ne wanne. Kuma na kallon miƙe kar faɗin kowane hoto ya wuce santimeta 6 a kan allo, a waya daidai ne, a babban allo ido ba zai iya ba.

Maman Ƴan Biyu:
Ni na yi ta yi ban ga komai ba sai hoto biyu, ƴan biyuna kuwa har ihu suke wai ƙuda zai fito. Amma na yarda fuskar tasa ba ta da muni kamar yadda na zata.

Mushen Kimiyya:
Hajiya ba ke kaɗai ba ce, sakin ido yana son sabo, ki gwada da tabarau ɗin. Akwai kuma waɗanda ko da tabarau ba za su gani ba, kamar mai harara-garke tun yarinta ko wanda ido ɗaya ya yi rauni sosai, su sai a yi musu mai motsi, hotunan biyu suna musanya da sauri, zurfin yana ɗan fitowa ko da ido ɗaya. Ƙanena Plexippus ɗin ne kuwa, namiji. Ina neman izininka in nuna wa ƴan ajina ranar Litinin.

Ɗan Tanut:
Ya yi kyau ban musa ba. Amma ƙafafun baya duk sun narke, da tarin hoto ne da sun fito. Ni dai zan gwada tawa hanyar da wanda na tarar ya riga ya mutu a taga, in turo mu gwada su gefe da gefe.

Mai Hoton Birni:
Turo ɗan uwa, ina so in gani da gaske. Mushe ka nuna musu, izini ai naka ne.

Baba Mai Sutudiyo:
Na sa tabarau na duba da kyau. Aiki ya yi. Abu ɗaya, ɗan hannun nan na gefen bakinsa na dama ya motsa tsakanin hoton farko da na biyu, rufe ido ɗaya ka buɗe ɗaya za ka ga yana tsalle, shi ne wurin ke ɗan yi wa ido ƙaiƙayi. Duba na milimeta 2 ɗin ko a can bai motsa ba.

Mai Hoton Birni:
Na duba Baba, a na 2 bai motsa ba amma zurfin bai kai ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sake zama tun bakwai, wannan karon da rafal kamar yadda ƙanwata Ɗalibar Jami'a ta ce. Mushe wata tambaya kuma, jiya da dare na haska tocila a tsakar gida daga saitin goshina na ga wasu ƴan ɗigo suna ƙyalli a ƙasa kamar fasasshiyar kwalba, na matsa na tarar gizo ne babba ruwan ƙasa, bayansa duk wasu ƴan ƙudundunai kamar an barbaɗa masa gero.

Mushen Kimiyya:
Uwa ce da ƴaƴanta a goye, dangin Lycosidae, idonsu ne ke mayar da haske. In ka haska ta takan tsaya cik na ɗan lokaci, to nan ne damarka. Ka sa tocilar a ƙasa wuri ɗaya kar ka riƙe a hannu, kuma kar ka taɓa ta ko da tsinke, ƴaƴan watsewa suke.